Aminina Ya Jawo Wani Ya Karye, Yanzu An Ce In Zaɓa Tsakaninsa da Abokan Kekena

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira. Ni mutumin Kano ne, shekarata 36, ina da iyali, ina sayar da kayan gini. Ina da amini da muka taso layi ɗaya, makarantar allo ɗaya, shi ne ma babban abokin ango a bikina. Shekarun baya likita ya ce hawan jini na neman kama ni, in nemi motsa jiki. Aminin nan nawa shi ya ja ni muka sayi kekunan tsere 'yan Kwatano, muka shiga wata tawagar masu keke da ke fita duk Asabar bayan sallar asuba, mu bi titin Zariya har wajen Kura mu juyo. Shugabanmu wani dattijo ne, tsohon ma'aikaci, Baba muke ce masa. Mutum ne mai tsari, ba ya ɗaukar wargi a kan titi.

Bara Allah ya buɗa wa aminina, ya sayi ƙaton babur mai si-si 600, ya shiga cikin masu manyan babura, ya jingine keke. Daga nan ya fara tsokanata, wai ni har yanzu ƙafata ce injina. Sai in yi dariya in share. Duk da haka ran Asabar yakan biyo mu a babur ɗin, ya wuce mu, ya jira mu wurin mai shayi, ya biya wa kowa.

Mako uku da suka wuce muna tafe a jere, sai ya zo ta bayanmu ya murɗa totur daf da mu don ya tsokane ni. Wani ɗalibi sabon shiga ya firgita ya kauce, tayarsa ta gaba ta taɓa ta wanda ke gabansa, ya faɗi ya karye a kafaɗa, keken ya lalace, kuma na aro ne. Aminina shi ya tare mota ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin ranar. Amma tun daga nan bai sake leƙa shi ba. Ya ce shi bai taɓa kowa ba, yaron ne bai iya keke ba. Baba ya cire shi daga zaurenmu na WhatsApp, ya ce kada ya sake ganinsa kusa da mu, ya kuma ce da ni a gaban kowa in zan riƙa kwaso musu 'yan babur to in bi shi. Shi kuma aminina ya ce na tsaya ina kallo ana ci masa mutunci ban ce uffan ba. Ya ce in rabu da tsofaffin nan in sayi babur, zai ranta min rabin kuɗin. Yanzu sai dai mu gaisa sama-sama a masallaci.

Gaskiya ranar ban ce komai ba, ga shi ko ga Baba. Malam, wa zan bi? Ba na son rasa aminina, keken nan kuma shi ne lafiyata.

Mai keke, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya ba yaron nan lafiya, ya kuma daidaita tsakaninka da amininka.

Ka tambaye ni wa za ka bi, amma da na gama karanta wasiƙarka a kan ɗalibin nan hankalina ya tsaya. Manya uku kuna ta ja-in-ja a kan wa aka ci wa mutunci, wa ya yi shiru, wa ya cire wa daga zaure, shi kuwa yana gida da kafaɗa a ɗaure, karatu yana wuce shi, mai keken da ya ara yana jiran ya ji yadda za a yi. Daga wurinsa gyara zai fara. In aka sauke hakkinsa, za ka ga sauran rigimar ta ragu da kanta.

Amininka ya ce bai taɓa kowa ba. Na yarda bai taɓa ba. Sai dai mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa keke a cikin jeri ya san wannan ba hujja ba ce, domin ya san dalilin da ya sa kuke jeruwa taya na bin taya. Da zarar gudun keke ya kai kilomita 30 a awa, yawancin ƙarfin da kake zubawa a feda iska ce ke cinye shi. Wanda ya raɓu a bayan wani yakan samu sauƙin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahalar, shi ya sa wani lokaci tsakanin tayarka da ta na gabanka ba ya kai kamu ɗaya. A wannan gudun, cikin daƙiƙa guda keke ya cinye fiye da mita 8. Mutum kuwa kafin kunnensa ya ji, hankalinsa ya gane, hannunsa ya kai ga birki, kusan daƙiƙar nan ta tafi. Sannan kowane mai keke ya sani, in tayar gaba ta gogi ta bayan wani, na bayan ne ke shan ƙasa. Tafiyar jeri gaba ɗayanta a kan amana take: kowa ya sakankance cewa na gabansa da na gefensa ba za su yi motsin ba-zata ba. Wanda ya zo ya saki ƙarar salansa a kunnen mutanen da ke cikin wannan hali ba sai ya taɓa su ba kafin ya kayar da su.

Saboda irin wannan ne a Sifaniya doka ta ce mai abin hawa ya bar tazarar mita 1.5 in zai wuce mai keke, Birtaniya ma ta sa irin wannan a ƙa'idojin titinta a 2022. Ko a manyan gasannin Turai, inda baburan da ke bin 'yan tsere na masu gasar ne da kansu, haɗuwar babur da keke takan zo da ajali. A watan Maris na 2016, a gasar Gent-Wevelgem, wani ɗan Beljiyam mai shekara 25, Antoine Demoitié, ya faɗi, babur ɗin rakiya ya afka masa, ya rasu a asibiti bayan 'yan sa'o'i. Ku kuwa a kan titin Zariya kuke, inda tirela da tifa ke wucewa. Da yaron ya faɗi ta ɓangaren kwalta mota na tafe, da ba maganar zaure da cin mutunci kuke yi yau ba.

Maganar cewa wasa ne ma addini bai bar ta a buɗe ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. A kan igiya ke nan. Kuma malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa rashin ganganci yana sauke zunubin niyya, amma ba ya sauke biyan abin da aka ɓata wa mutum a jikinsa ko dukiyarsa. Adadin abin da ya hau kansa, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Amma cewa akwai hakki a kansa, wannan ba abin musu ba ne.

To, me ya sa mutumin da ya tare mota da kansa, ya ɗauki yaro ya kai asibiti, ya zaro kuɗi ya biya, ya dawo yana cewa ba ruwansa? Ni ban ga mugu a nan ba. Na ga mutumin da kunya ta kama, ya rasa inda zai sa kansa. Daga yadda ka siffanta shi, amininka irin mutanen nan ne masu sakin hannu, masu son raha, masu son in sun shigo wuri a san sun shigo. Shi ya ja ka ga keke, shi ke biyan kuɗin shayi, shi ya fara yunƙurawa da aka faɗi. Irin waɗannan mutane fitar da kuɗi ba ya yi musu wuya, abin da ke yi musu nauyi shi ne buɗe baki su ce na yi kuskure, musamman bayan an tsawata musu a bainar jama'a. Da Baba ya kore shi a gaban mutanen da jiya-jiya suke shan shayinsa, sai ya nemi abin da zai kare fuskarsa da shi, ya samu "yaron bai iya keke ba". Ina kyautata zaton shi da kansa bai yarda da wannan maganar ba. Rashin komawarsa duba yaron ma alama ce: wanda ya tabbata ba shi da laifi ba ya jin nauyin zuwa dubiya.

Akwai kuma wani abu a wasiƙarka da ka faɗa ka wuce, ni kuwa a wurina shi ne zuciyar maganar. Mutum ya sayi babur da zai iya ninka gudunku sau biyar ko shida. Ya samu sababbin abokai. Ba wanda ya sa shi dole. Amma duk Asabar sai ya tashi da asuba ya biyo ayarin masu keke, ya je ya zauna wurin mai shayi yana jiran ku iso kuna haki. Me yake nema a can? Ba titi yake nema ba, titi ya cika gari. Kai yake nema. Ya bar keke, amma bai iya barin safiyar Asabar ɗin da kuka saba ba, kuma bai san yadda zai zauna a cikinta ba tunda ba ya cikin jerin. Wanda ba shi da gurbi a wuri amma yana son a san yana nan, sai ya yi ƙara. Tsokanar nan ta "ƙafarka ce injinka", da murɗa totur, da tayin rancen rabin kuɗin babur, duk magana ɗaya ce yake faɗa ta hanyoyi daban-daban: kada ka bar ni ni kaɗai a wannan ɓangaren. Wannan bai wanke shi daga abin da ya yi wa yaron ba ko kaɗan. Amma in ka gane shi, za ka je wurinsa da wata irin fuska, ba irin ta mai zuwa yanke hukunci ba.

Yanzu kai. Amininka yana ganin laifinka shi ne shirun da ka yi ranar da Baba ya yi magana. Ni a ganina shirun da ya fi yin ɓarna shi ne na watannin da suka gabata. Na tabbata ba ranar ce ta farko da ya wuce ku da gudu ba. Ka gani, ranka bai so ba, wataƙila ka ga fuskar Baba ta canza, amma ka yi dariya ka share, domin kai mutum ne da ba ya son tashin hankali. Halin kirki ne, kuma shi ya sa mutane irin amininka suke jin daɗin zama da irinka: shi wuta, kai ruwa. Sai dai a tawagar nan kai kaɗai ne kake da matsayin da za ka ja shi gefe tun farko ka ce, wane, in za ka wuce mu ka buɗe sosai, akwai sababbi a cikinmu. Da daga bakinka ya ji, da ya ɗauka. Ba na faɗin haka don in ɗora maka karayar yaron, ba kai ka murɗa totur ba. Ina faɗa ne don ka san dabarar da ka saba da ita, ta yin shiru har ƙura ta lafa, ita ce ta kawo ku nan, ba kuma za ta fitar da ku ba. Hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne mai zalunci ko wanda aka zalunta ya bayyana yadda ake taimakon na farkon: ka hana shi. Aikin amini ke nan, kuma yanzu ya hau kanka.

Ka je gidansa cikin makon nan. Kada ka yi ta waya, kada ka yi a majalisa, kada ka yi a gaban abokansa na babur ko naka na keke. Ku zauna ku biyu. Ka fara da abin da yake da gaskiya a kai, domin yana da ita: ka ce masa maganar da aka yi masa a gaban mutane ta yi zafi, kuma ya kamata a ce ka neme shi tun a daren ranar, ba ka bari har mako uku ba. Sannan ka faɗa masa ɗaya gaskiyar ba tare da kwana-kwana ba: "Ni da kai mun san yadda jeri yake. Ƙarar nan ce ta kayar da yaron. Tashi mu je mu duba shi, ni zan raka ka." Kalmar "mu je" tana da muhimmanci. Mutumin da kunya ta ɗaure yakan kasa tafiya shi kaɗai, amma in amininsa na gefensa sai ƙafar ta ɗauku. In yaron a gaban iyayensa yake, to wurin mahaifinsa za ku fara, da sallama da ban-haƙuri kamar yadda aka saba, ba a aika kuɗi ta waya a ce an gama ba.

Abin da za a biya a fayyace shi, kada a bar shi a "za mu gani". Akwai sauran kuɗin magani da komawa asibiti, domin karayar kafaɗa ga babba takan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin ta haɗe, kuma likita ne zai ce ga ranar da zai sake hawa keke, ba ƙarfin hali ba. Akwai keken aro. A kai shi wurin wanda ya san kekunan tsere, ba kowane mai faci ba, domin in jikinsa na kabon ne yana iya tsagewa ta inda ido ba ya gani, ya zo ya karye a ƙarƙashin mutum wata rana. In ba ya gyaruwa, a saya wa mai shi wani. Hular kwanon da ta bugi ƙasa ita ma ta gama aikinta ko da ba ta fashe a waje ba, sai a sake wata. Mutumin da ya iya sayen babur mai si-si 600, ya kuma yi tayin ranta maka rabin kuɗin wani, wannan ba zai gagare shi ba. Kuma ina ganin zai samu sauƙi a ransa in aka ba shi abin da zai yi da hannunsa.

Baba kuwa, hukuncinsa na nesanta babur ɗin daga jerin daidai ne, kada ka nemi ya janye shi yanzu. Shi ke ɗauke da amanar 'ya'yan mutane a kan babban titi, kuma irin mutanen nan masu tsauri su ne ke sa tawaga ta daɗe ba a yi jana'izar kowa ba. Ka kuma tuna dattijon Kano yana da dalilan ɗari-ɗari da babur: ya ga wasan ganganci da samari ke yi da babura a bukukuwan aure, ya ga zamanin acaɓa, ya ga yadda aka hana goyo a cikin birni a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Inda ya zarce shi ne jefa maka magana a gaban jama'a alhali ba kai ka yi ba. Ka same shi a gida, da ladabin da ya dace da shekarunsa, ka ce masa ka goyi bayan hukuncin, kana nan a tawaga, amininka kuma amininka ne ba za ka yar da shi ba, kana kuma ƙoƙarin kai shi ya sauke hakkin yaron. In zancen ya yi daɗi, ka ƙara masa da shawara guda: sabon shiga bai kamata a sa shi tsakiyar matsattsen jeri ba sai ya goge. A bar shi a baya, da tazara, wani gogagge na gefensa. Yau ƙarar babur ce, gobe hon ɗin tirela ne ko akuya ta tsallako.

Abin da ban yarda da shi ba, daga bakin Baba ko na amininka, shi ne wannan rabon na "'yan babur" da "tsofaffin keke", kamar wasu ƙabilu biyu. Babur ɗin ma daga keke ya fito. Honda ya fara ne da ɗaura ƙaramin inji a jikin keke a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Suzuki ya yi irin haka a 1952, Ducati a Italiya ma ta nan ya shigo, Triumph kuwa kekuna yake ƙerawa a Coventry kafin ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1902. Manyan 'yan tseren babur na duniya da keke suke gina ƙarfin jikinsu. Cal Crutchlow na gasar MotoGP, wato babbar gasar tseren babur ta duniya, da ɗan tseren keke Mark Cavendish, wanda ya kafa tarihin cin zango 35 a Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, abokai ne da aka sani suna fita atisayen keke tare. Aleix Espargaró da ya bar tseren MotoGP a ƙarshen 2024, ƙungiyar 'yan keke ya koma. A nan gida, Kunle Adeyanju da ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022 domin yaƙi da cutar shan-inna, ya taɓa tuƙa keke daga Legas zuwa Accra. Sannan akwai Nicky Hayden, zakaran duniya na MotoGP a 2006, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan gudun da ya haura kilomita 300 a awa: a kan keke mota ta buge shi kusa da Rimini a Italiya a watan Mayun 2017, ya rasu yana da shekara 35. Ka ba amininka wannan labarin. Mai babur da mai keke a gaban mota duk jiki ne tsirara a kan taya biyu, kuma shi da kansa ya san yadda yake ji in direba ya matse shi.

Akwai ma inda babur da keke suke aiki tare bisa tsari. A wani tseren keke da ake kira keirin, wanda ya samo asali a Japan a 1948 ya kuma shiga gasar Olamfik a 2000, wani ɗan ƙaramin babur ne ke jan 'yan keke a gaba, yana ƙara gudu sannu a hankali daga wajen kilomita 30 zuwa 50 a awa, sannan ya kauce ya bar su su fafata. 'Yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta yi wannan tseren a Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Abin da ake nema ga mai wannan babur ɗin ba bajinta ba ce, natsuwa ce: hannu ɗaya, gudu ɗaya, ba fizga, ba burga. Tawaga irin taku da ke bin babban titi tana da buƙatar mai irin wannan natsuwar a bayanta, ya bi ku da tazara mai yawa, fitilunsa a kunne, sanye da riga mai ƙyalli, ya zama shi motoci ke fara gani, ya ɗauko ruwa da tiyub da famfo da kayan taimakon gaggawa, in wani ya gaji ko ya yi faci ya tsaya da shi. Wannan gurbi ne na gaske, kuma zai iya zama na amininka wata rana. Amma kada ka kai wannan maganar gaban Baba yanzu, kada kuma ka yi wa amininka alkawarinta. Sai yaron ya warke, sai an biya hakki, sai shi yaron da sauran tawaga sun yarda. Kuma sai amininka ya tambayi kansa ko zai iya awa biyu a kan kilomita 25 zuwa 30 ba tare da hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi ba. In ba zai iya ba, ba aibi ba ne, sai ya tsaya a iyakar wurin mai shayi in an yarda masa.

Rancen babur kuwa, ka ce masa a'a, da godiya. Likita bai aike ka neman abin hawa ba, motsa jiki ya ce, kuma abin da masana lafiya ke nema ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako. Babur ba zai ba ka ko minti ɗaya daga ciki ba. Babban babur kuma ba a hawansa don a faranta wa wani rai. Yana son koyo, yana son kayan kariya na gaske, yana cin kuɗin taya da gyara, ga iyali kana da su. Bashi tsakanin aminai biyu da ke cikin saɓani kuwa ƙarin igiya ce a wuya. In wata rana kai da kanka ka ji kana sha'awar babur, da kuɗinka, bayan ka yi shawara da mai ɗakinka, wannan wata magana ce daban.

Sai dai kada ka ƙi tayin ka tsaya nan, domin zai ji kamar shi ka ƙi. Amincinku ya girmi keken, ya girmi babur ɗin, amma da alama a 'yan shekarun nan kun tattara shi kaf kun ɗora a kan safiyar Asabar, shi ya sa da Asabar ta lalace kuka rasa wurin haɗuwa sai sahun masallaci. Zumunta a ƙafa take. Ku mayar da ita inda take da can: cin abinci a gidan juna bayan Juma'a, kai yara su gaida mahaifansa, zama a shagonka da yamma. Ka nuna sha'awar sabuwar duniyarsa da gaske, ka tambaye shi tafiye-tafiyensu, in suna da taro ka je a mota ka ga su waye abokan nasa, kada ka yanke musu hukunci daga nesa kamar yadda aka yanke masa. Ka kuma ce ya kakkaɓe kekensa ku riƙa fita ku biyu wata safiyar da ba Asabar ba, ko sau ɗaya a wata. Wanda ya ja ka zuwa keke saboda lafiyarka, shi ma jikinsa bai daina buƙata ba don ya sayi inji.

Yana yiwuwa ka je ya ƙi. Ya ɗaga murya, ya ce ka zaɓi Baba. In haka ta faru kada ka biye masa, kada kuma ka janye maganarka. Ka ce masa kana nan, ƙofarka a buɗe take, ka tashi. Ka je ka duba yaron kai kaɗai, ku haɗa abin da ya sawwaƙa a tawaga a rage wa iyayensa nauyi, ba tare da ka ce daga amininka ne ba, domin rufa masa asiri da ƙarya zai hana shi zuwa da kansa. Ka ci gaba da fita kekenka. In an ɗauko zancensa a wurin mai shayi ka ce a bari, kada ka kai masa abin da aka faɗa, kada ka kawo musu abin da ya faɗa. Bayan mako biyu ka sake komawa, wannan karon tare da wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko malamin da ya karantar da ku, ka bar shi ya yi maganar hakkin yaron, kai kuma ka zauna a gefen amininka.